Gudumar Da Ba A Ƙera Ba: Tarihin Wata Hanyar Neman Lantarki



A watan Disambar 2022 wani labari ya zagaye duniya, ya iso wayoyinmu da fassara iri-iri: wai masana a Amurka sun kunna irin wutar da ke cikin rana a ɗakin gwaji, don haka matsalar lantarki ta kusa zama tarihi. Ga mutumin Gwarzo ko Kabo da ke biyan kuɗin cajin waya a shago, ko mai injin niƙa da ribarsa ke ƙarewa a gidan mai, wannan ba ƙaramin albishir ba ne. Labarin gaskiya ne, sai dai guntunsa aka ba mu. Da hasken leza aka yi gwajin, kuma leza ɗaya ce cikin hanyoyin da suka yi takara tun shekarun 1970. Akwai wata hanyar da manyan masana da dama suka ce ita ta fi dacewa da tashar lantarki, wato harbi da zarra masu nauyi. Yau kusan shekara hamsin da kawo shawararta. Babu wanda ya tabbatar ta gaza, babu kuma wanda ya gina ta. Tarihinta za mu bi yau, domin muna da irinsa a gida, kuma irinsa ne alƙalumanmu suka fi tsallakewa.

FASAWA DA HAƊAWA

Kowane abu da muke gani an gina shi da zarra, kuma kowace zarra tana da ƙwallo a tsakiyarta, kamar ƙwallon magarya. Hanya biyu ake bi a tatsi makamashi daga wannan ƙwallon. Ta farko, a fasa ƙwallo mai nauyi, irin na yuraniyam ɗin da aka fara haƙowa a Arlit ta Nijar tun 1971. Duk tashoshin nukiliyar da ke aiki a duniya yau wannan suke yi. Ta biyu, a haɗa ƙwallaye biyu marasa nauyi su zama ɗaya. Wannan ita ce sana'ar rana. Tun 1920 Baturen Ingila Arthur Eddington ya yi hasashen haka, Hans Bethe kuma ya bayyana yadda abin ke gudana a 1939.

Mafi sauƙin haɗawa su ne wasu 'yan uwan haidurojin biyu, diyutiriyam da tiritiyam. Diyutiriyam yana cikin kowane ruwa, na teku da na dam ɗin Challawa da na rijiyar gidanmu: kusan ɗaya cikin zarra 6,400 na haidurojin shi ne. Jarka arba'in na 'yan garuwa, masu cin lita 25, suna ɗauke da kimanin giram 30 nasa. Tiritiyam kuwa sai an ƙera shi daga litiyam, ma'adinin nan da ake rububinsa a Nasarawa. Giram ɗaya na haɗin nan biyu, in ya ƙone tas, zafinsa ya kai na kimanin lita 10,000 na fetur. Giram uku da 'yar ɗoriya sun tashi tanka guda ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwallayen ba sa son juna. Dukkansu caji iri ɗaya gare su, sai su riƙa tunkuɗe juna kamar bakin maganaɗisu biyu masu kama ɗaya. Kafin su haɗu a doron ƙasa sai zafi ya kai digiri miliyan 100, alhali tsakiyar rana kanta digiri miliyan 15 ce. Ita rana nauyinta ne ke matse mata su. Mu sai mun nemo abin matsewa.

Wanda ya fara haɗa su da hannun ɗan Adam shi ne Mark Oliphant, tare da Paul Harteck da Ernest Rutherford, a Jami'ar Kambirij cikin 1934. Da injin harba zarra suka yi: a cire wa zarra ilektoron ta zama mai caji, abin da ake kira ayon, sannan a ja ta da ƙarfin lantarki a maka ta a kan wata. Jikar wannan na'ura ta zo har ƙasar Hausa. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT, ta yi aiki da wata ƙaramar na'ura mai harba diyutiriyam a kan tiritiyam don samar da nutiron, masana suna amfani da shi su gano sinadaran da ke cikin duwatsu da yumɓu da ƙasar noma. Ashe an haɗa zarra a Zariya ba tare da an yi ta shela ba. Sai dai irin wannan harbi ba ya ba da riba. Mafi yawan harsasan suna kuskure, ƙarfinsu ya tafi a zafin banza, lantarkin da aka zuba ya ninka abin da ya fito sau dubbai. Shi ya sa Rutherford ya ɗauki maganar samun lantarki daga zarra a matsayin tatsuniya.

DAGA BAM ZUWA ƊAN KAFSO

Ranar 1 ga Nuwamba 1952 Amurka ta fasa bam ɗin haidurojin na farko a tsibiran Enewetak da ke tekun Pasifik, ya shafe wani tsibiri ɗungurungum. Nan duniya ta ga cewa haɗa zarra yana ba da riba in aka matse man da ƙarfi, amma bam ɗin fasa zarra ne ya yi matsewar. Wani matashin masani a ɗakin binciken makamai na Livermore da ke Kalifoniya, John Nuckolls, ya fara tambayar kansa a ƙarshen shekarun 1950: shin ba za a iya ƙanƙanta abin ba, a cire bam ɗin, a riƙa tayar da 'yan mitsi-mitsin fashe-fashe a cikin ɗaki, a dafa ruwa da zafinsu, tururi ya juya injin lantarki?

Ga yadda dabarar take. A zuba man cikin ɗan kafso mai girman ƙwayar gero, a daskarar da shi. A dake shi da zafi daga kowane ɓangare lokaci guda. Ɓawonsa zai fashe ya yi waje, kuma kamar yadda bindigar mafarauci ke tokarin kafaɗa in harsashi ya fita, haka ɓawon zai tokari abin da ke ciki ya afka tsakiya, da gudun kilomita 350 zuwa 400 a sakan, kusan nisan Kano zuwa Abuja. Man zai matsu, tsakiyarsa ta kama, ya ƙone kafin ya samu damar watsewa. Babu bangon da ke riƙe shi sai nauyin jikinsa, domin kowane abu mai nauyi yana buƙatar lokaci kafin ya motsa, kuma duk ƙonewar ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba. Wannan ita ce hanyar matsewa da tsarewa da nauyin kai. Kishiyarta ita ce hanyar tsare man da maganaɗisu, wadda ake gina katafariyar na'urarta, ITER, a kudancin Faransa.

Saura guduma. Da me za a daki ɗan kafson? A 1960 Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko, sai aka ga kamar an samu. A 1972 Nuckolls da abokansa suka fitar da dabarar fili a mujallar Nature, suka yi lissafin cewa leza mai kilojul 1 na iya isa a mai da uwar kuɗi. Mu riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

TARON CLAREMONT, 1976

Rikicin man fetur na 1973, wanda ya cika aljihun Nijeriya, shi ya firgita ƙasashen Yamma suka bazama neman sabon makamashi. A daidai lokacin ne wasu masu ƙera injinan harba zarra suka duba lissafin leza da idon ɗan kasuwa, suka ga giɓi uku. Na farko, lezar gilashi ba ta mai da ko kashi 1 cikin 100 na lantarkin da ta ci zuwa haske. Na biyu, in ta yi harbi ɗaya sai an jira awanni gilashinta ya huce, alhali tashar lantarki na buƙatar harbi biyar zuwa goma a kowane sakan; goma a sakan kuwa harbi 864,000 ke nan a rana. Na uku, madubi da gilashin ƙarshe dole su kalli fashewar ido da ido, nutiron da tarkace su yi ta cinsu.

Alfred Maschke na ɗakin binciken Brookhaven, da Ronald Martin da Richard Arnold na Argonne, suka ce to a sauya guduma mana. A harbi ɗan kafson da ayon masu nauyi, irin na dalma ko bismut. A watan Yulin 1976 masana suka yi zaman mako biyu a otal ɗin Claremont da ke gefen Berkeley, masu injin harbi da masu lissafin kafso suka zauna wuri ɗaya, suka tashi a kan cewa ba su ga wani abin da zai hana ba.

Me ya sa sai mai nauyi? Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san ƙaramar guduma sai ta yi bugu ashirin kafin ta yi aikin bugu ɗaya na babba. Zarrar bismut ta ninka ta haidurojin nauyi fiye da sau 200. In aka kora ta har ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na gudun haske, wato kilomita 90,000 a sakan, tana ɗauke da ƙarfi mai yawa, amma in ta bugi ƙarfe mai kauri tana tsayawa cik a ƙasa da milimita ɗaya, ta juye duk kayanta a wurin. Tunda kowane harsashi yana da ƙarfi, ba a buƙatar harsasai da yawa, kuma ƙarancinsu na rage tunkuɗe-tunkuɗen da suke yi wa juna a hanya. Ga shi injinan harba zarra sun saba harbi sau da yawa a sakan, shekara da shekaru. Maganaɗisu ne ke saita su, shi kuwa maganaɗisu zobe ne mai rami a tsaka, ana iya ɓoye jikinsa bayan garkuwa, harsasai su wuce ta ramin.

Babbar hujjarsu ita ce ta riba. Sun ƙiyasta injin nasu zai mai da kashi 20 zuwa 40 na lantarkin da ya ci zuwa bugu. Mu yi lissafin kasuwa. Ka sayi wuta ta 100, injin ya kai 25 kan kafso. Kafso ya ninka sau 50, ka samu zafi na 1,250. Injin tururi ya mai da kashi 40 nasa lantarki, ka samu 500. Ka mai da 100 ɗinka, ka sayar da 400. Yanzu sa lezar gilashi a wurin: 100 ta zama 1, kafso ya ninka ta zama 50, tururi ya ba ka 20. Ka zuba 100 ka kwashi 20. Ko ɗan koyo a kasuwar Gwarzo ya san wannan ba ciniki ba ne.

MAKARANTU BIYU

Daga nan masu wannan ra'ayi suka rabu gida biyu. Turawan Jamus suna da cibiyar GSI a Darmstadt, wadda aka kafa a 1969 musamman don binciken ayon masu nauyi, injinta na farko ya fara aiki a 1975. Su suka zaɓi a kora ayon a doguwar hanya miƙaƙƙiya da igiyar rediyo, a tara su a manyan zobba suna kewayawa kamar dutse a majaujawa, sannan a sake su gaba ɗaya. A 1981 masanan Jamus tare da Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka fitar da zanen cikakkiyar tasha mai suna HIBALL, suka sabunta shi bayan 'yan shekaru. Injin harbi ɗaya mai tsawon kilomitoci zai riƙa harbi 20 a sakan, ya raba wa ɗakuna huɗu, kowanne biyar. Lantarkin da zai fita sayarwa kusan megawat 3,800 ne. Dam ɗin Kainji, da aka gama a 1968, an girka masa injina masu ƙarfin megawat 760. Kainji biyar ke nan a tasha ɗaya, kusan duk abin da layin wutar ƙasarmu ke rabawa a yawancin ranaku.

Amurkawa a Berkeley, ƙarƙashin Denis Keefe, suka bi wata hanyar, mai asali da ya cancanci littafi. Nicholas Christofilos injiniya ne mai kamfanin gyaran lif a birnin Atina na Girka. A zamanin da Jamus ta mamaye ƙasar, cikin yaƙin duniya na biyu, ya koyar da kansa ilimin injinan harba zarra daga littattafai. Wajen 1949 ya gano dabarar jera maganaɗisu yadda za su matse harsasai su zama siririn zare, ya aika wa masanan Berkeley, ba su ba takardarsa muhimmanci ba. Sai a 1952 masanan Brookhaven suka gano dabarar da kansu, daga baya aka tabbatar mai gyaran lif ya riga su, aka ɗauke shi aiki. A Livermore, cikin 1963, ya gina sabon nau'in injin harbi mai aiki kamar jerin taransifomomi: harsasai su ratsa tsakiyar zobban ƙarfe, kowane zobe ya ƙara musu turi. Irin wannan injin yana jure cunkoson harsasai masu yawa, kuma ana iya ƙara wa na baya gudu su cimma na gaba, kamar ayarin motocin da suka bar tasha a rarrabe amma suka shiga gari a dunƙule. Shi Keefe ya ɗauko ya ce a gwada shi da ayon masu nauyi.

An yi gwaje-gwaje a Berkeley cikin shekarun 1980, da zare ɗaya, sannan da zare huɗu a jere, suka nuna ana iya riƙe ayon a cunkushe fiye da yadda aka zata. A Livermore kuma aka zana ɗakin fashewa da narkakken gishiri mai litiyam zai riƙa kwarara a jikin bangonsa kamar labule, ya kare ƙarfe daga nutiron, ya kwashi zafi, ya kuma haifar da sabon tiritiyam.

ME YA HANA?

Ba rashin yabo ba ne. Kwamitin da John Foster ya jagoranta a 1979 ya ga wannan ce hanya mafi ƙarancin kasada in dai lantarki ake nema. A 1994 Burton Richter, wanda ya ci kyautar Nobel a 1976, ya rubuta wasiƙa a mujallar Science yana ƙorafin cewa kwamiti bayan kwamiti sun yaba wa hanyar, amma kuɗi bai bi yabon ba. Dalilai uku suka haɗu.

Na farko, mai biyan makaɗi shi ke zaɓar kiɗa. Kuɗin binciken matse kafso a Amurka daga kasafin makamai yake fitowa. Masu makamai ba su damu da riba ko harbi goma a sakan ba. Abin da suke so shi ne harbi ɗaya mai kyau da zai nuna musu abin da ke faruwa a cikin bam, leza kuwa ta isar musu. Da Amurka ta daina gwajin makaman nukiliya a 1992, buƙatar ta ƙaru, aka fara gina babbar lezar NIF a Livermore a 1997, aka gama a 2009 a kan dala biliyan 3.5. Masu kuɗin binciken lantarki kuma sun riga sun ɗaura aure da hanyar maganaɗisu. Sai hanyar ayon ta zama marainiya, ana ta miƙa ta daga wannan ofis zuwa wancan da 'yan miliyoyin da ba su taka kara sun karya ba.

Na biyu, ba ta gwaduwa a ƙarami. Leza ana iya fara ta a kan tebur, a matse haskenta a ɗan ɗigo, a samu sakamakon nuna wa masu kuɗi, a ƙara girma sannu a hankali. Ayon mai nauyi kuwa ba ya kai gudun da ake so sai ya bi doguwar hanya, don haka injin da zai iya taɓa kafso da gaske kusan shi ne cikakken injin, na biliyoyin daloli. Ana cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. To ita kuɗin gwajinta ya kusa kuɗin ginin.

Na uku, akwai tambayoyin kimiyya da ba a amsa ba. Sai an tattara miliyoyin biliyoyin ayon masu ƙin juna, a sa su dira a ɗigon da bai wuce 'yan milimitoci ba, duka cikin kashi goma na biliyan na sakan. Lissafi ya ce zai yiwu. Babu injin da ya taɓa nuna hakan a cikakken ƙarfi.

Haka aka yi ta tafiya. A shekarun 1990 Berkeley ta tsara injin gwaji matsakaici, ba a gina shi ba. Masanan Turai sun sake wani babban nazari tsakanin 1995 da 1998, ya tsaya a takarda. A Mosko, gobara ta lalata injin da Rashawa ke irin wannan bincike da shi a 2012. A shekarar ce kuma Berkeley ta gama wani ɗan injin mai suna NDCX-II da dala miliyan 11, wanda ƙarfin harsashinsa ya gaza abin da tasha ke buƙata sau dubbai. Daga nan kuɗin shirin ya ƙafe.

Duk da haka wahalar ba ta faɗi ƙasa banza ba. Da injinan ayon masu nauyi GSI ta ƙera sababbin sinadarai shida, daga na 107 zuwa na 112, tsakanin 1981 da 1996. Halin nan na ayon, na juye ƙarfinsa a wuri ɗaya, shi ya zama magani: a Chiba ta Japan daga 1994, da Darmstadt daga 1997, aka fara harbin ciwon daji da ayon na kabon, ya ƙone ƙarin da ke can ciki ba tare da ya yi wa naman da ke kewaye ɓarna mai yawa ba. Yanzu haka ana gina FAIR a Darmstadt, mai zoben da ya kai mita 1,100, ƙasar Sin kuma ta fara gina nata a Huizhou a 2018. Duka biyun na bincike ne, amma za su dafa abu da ayon fiye da yadda aka taɓa yi.

ABIN DA YA FARU A DISAMBAR 2022

Yanzu za mu iya karanta wancan labari da idon basira. Ranar 5 ga Disamba 2022, zaren leza 192 na NIF suka zuba megajul 2.05 cikin wani ɗan gwangwanin zinare mai ɗauke da kafso, kafson ya mai da megajul 3.15. Karo na farko ke nan da kafso ya ba da fiye da abin da aka dake shi da shi, kuma nasara ce ta gaske. Amma mu tuna kilojul 1 na 1972: abin da aka buƙata ya ninka shi sau 2,000, an kuma jira shekara 50. Sannan mu juya adadin zuwa yunit ɗin mita, wanda kowa ya sani. Megajul 3.15 bai cika yunit ɗaya ba. Lezar kuwa ta ja kusan megajul 300 daga layi kafin ta yi harbin, sama da yunit 80. An sayi 80 an samu ƙasa da 1.

Abin da gwajin ya tabbatar shi ne kafso yana kamawa. Giɓin nan uku da aka lissafa a 1976 suna nan. Masu leza suna ƙera sababbi da ake sa ran za su fi tsimin wuta nesa ba kusa ba, wataƙila su cike giɓin. Gudumar da aka zana musamman don cike shi kuwa har yau tana kan takarda.

MU DAWO GIDA

A shekarar taron Claremont, 1976, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da doka mai lamba 46. Hukumar ba ta fara aiki sosai ba sai 2006, bayan shekara 30. Abin da ya rayu a tsakani shi ne cibiyoyin jami'a biyu, ta Zariya da ta Ife, domin su suna da masu su: malamai da ɗalibai da suka riƙe su shekara da shekaru. A 2004 aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar nan a Zariya, 'yar ƙarama mai kilowat 30 da aka sayo daga Sin don bincike, a 2018 kuma aka sauya mata mai zuwa yuraniyam marar haɗarin zama makami. Ife ta samu injin harba ayon nata a 2008.

Ga kuma ɗaya gefen. Tashar Mambilla a Taraba, wadda aka taɓa tsarawa a kan megawat 3,050, an shafe shekaru fiye da arba'in ana maganarta. Nan kusa da mu, dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye an gama shi a 1992 don noman rani da ruwan sha, sai bayan fiye da shekara 20 aka fara aikin sa masa injinan lantarki. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar layi. Mambilla ba ta buƙatar digiri miliyan 100. Ruwa ne da gangare, fasahar da aka ƙware a kanta tun kafin a haifi kakanninmu. Ciwonta da na gudumar Berkeley iri ɗaya ne: aiki babba da ba ya raba kansa ƙanana, kuma babu mai shi tsayayye da zai bi shi daga wannan kasafi zuwa wancan.

Saboda haka, 'yan uwa, duk ranar da labarin wata sabuwar fasaha ya iso mu, kafin mu fassara shi mu watsa, mu yi masa tambaya uku. Nawa aka zuba tun daga tushe, nawa aka kwasa? Sau nawa abin zai iya maimaita kansa a rana? Wa ke biya, kuma me yake so da shi? Manomin Kabo da ke shawarar ko ya sayi famfon sola bana ko ya jira wata wuta mai arha da ya ji an ce tana tafe, amsar da zai samu a rubutunmu na iya zama silar ribarsa ko asararsa. Gaskiyar da za mu faɗa masa ita ce: babu tashar haɗa zarra ko ɗaya da ke sayar da lantarki a duniya yau. Wadda ke aiki tana sama, nisan kilomita miliyan 150, haskenta na iso mu cikin minti takwas da 'yan sakanni. Ita faifan sola ke tatsa a rufin shaguna daga Rimin Gado har Gwarzo, ita ce kuma tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023 ke tatsa. Sola ta yaɗu ne domin tana da abin da gudumar ayon ta rasa: ana iya fara ta da faifai ɗaya.

Sannan ga aiki a gabanmu. Littattafan tarihi sun cika da abubuwan da aka gina da waɗanda suka rushe, amma ayyukan da aka zana, aka yaba, aka ajiye, ba su da marubuta. Mutanen da suka yi leburanci a Challawa da waɗanda aka tayar daga garuruwansu saboda ruwan suna nan da ransu a Ƙaraye da kewaye. Akwai turakun wuta da aka kafa a ƙauyuka ba a ja musu waya ba, kowanne da shekararsa da wanda ya yi alƙawarinsa. Wanda ke da irin wannan a garinsu ya je ya tambayi dattawa, ya rubuta shekara da suna da adadi, ya kawo mana nan mu karanta.